Dosiyen da Manhajar Ta Tsallake

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Ordinatar, wato kwamfutata, ta mutu yau da ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin, ina tsakiyar rubuta rahoton rangadin makarantun Bambeye. Allon ya daskare, ya yi baƙi, sannan wani ƙara ya fara fitowa daga cikinta, ƙas, ƙas, kamar ana taɓa cokali a bakin kofi. Sakataren ofis ya leƙo ya ce zafi ne. Mai yiwuwa. Shekararta bakwai, kuma tun Afrilu fankar ofis ba ta tura komai sai iska mai ƙuna.

Ban tayar da hankalina ba, kuma ina son in rubuta dalilin domin ya zauna a rubuce cewa ba sakaci na yi ba. Shekara huɗu ke nan da na sa mata manhajar ajiya, irin wadda take kwafe abin da ke cikin na'ura da kanta, ta aika da shi ma'ajiyar kamfanin ta intanet. Kowace Juma'a da safe wata ƴar garkuwa koriya takan fito a kusurwar allo, da rubutun Faransanci mai cewa an kare dukan bayananka. Juma'ar da ta wuce ma ta fito. Da idona na gan ta.

Rahotanni ba su dame ni ba. Abin da ke ciki wanda ba shi da na biyu shi ne dosiyen yaron, jakar da nake tara saƙonninsa a cikin na'urar. Ɗana na fari, likitan bisashe a ma'aikatar kiwo, wanda sanƙarau ya ɗauke ranar 17 ga Maris, cikin kwana uku, yana da shekara ashirin da tara. Duk saƙon muryar da ya taɓa aiko mini tun yana karatu a Yamai, nakan kwashe shi daga wayata in zuba a dosiyen, in goge na wayar, domin ba na son tarkace. Bayan sadakar arba'in na ƙara da abin da ke cikin tasa wayar. Na jira garkuwar ta fito ranar Juma'a, sannan na goge wayar da hannuna. Shekaranjiya aka kai wa kawunsa ita tare da sauran kayan da aka raba.

Hawa, mahaifiyarsa, ba ta iya sauraron ko ɗaya ba tukuna. Ta ce a bari sai ranar Babbar Sallah, ta ji gaisuwar sallar da ya aiko bara. Na ce mata yana nan a ajiye, babu abin da zai same shi. Saura wata ɗaya da kwana biyu.

Talata, 6 ga Mayu

Na kai ta wurin Muktari, mai gyaran na'urori da ke bayan tasha. Mutum ne mai furfura a gemu, ya yi aikin rediyo shekaru kafin ya koma wannan sana'a, kuma yana kasa kunne ga na'ura kamar yadda likita ke sauraron ƙirji. Ya kunna, ya ji ƙarar sau biyu, ya kashe da sauri. Mushe yake kirana, yadda ake kiran malaman boko a nan.

"Mushe, wanga diski ya gama aiki nai. Kuna da ajiya?"

Na ce ina da ita, ta atomatik, kowane mako.

"To kun hi mutane da yawa."

Ya ce wasu sukan naɗe mataccen diski a leda su sa a firijin mai sayar da ƙanƙara, wani lokaci ya farfaɗo na minti goma. Na ce masa ba na bukatar bokanci. Ya sa sabon diski, ya ba ni tsohon a ambulan. Gobe zan fara dawo da ajiyar a ofis, inda intanet ya fi ƙarfi.

Laraba, 7 ga Mayu

Ajiyar ta kai kashi sittin da uku cikin ɗari, kuran, wato lantarki, ya ɗauke.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na ɗauka za ta ci gaba daga inda ta tsaya. Daga sifili ta koma. Awa shida na jiya sun tafi a banza, kuma ba ta ga dalilin ba da haƙuri ba. Sai ma ta nuna mini hoton wani iyali suna murmushi a bakin teku, da rubutu a ƙasa cewa in kwantar da hankali, ana kula da komai.

Waɗanda suka ƙera wannan abu ba su taɓa zama a garin da wuta ke ɗaukewa ba. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne sayar mana da shi ba tare da sun faɗa ba.

Na ari batirin ofishin lissafin jarrabawa na haɗa da akwatin intanet. Yanzu tana kashi arba'in.

Asabar, 10 ga Mayu

Ta gama jiya da la'asar. Na kawo ordinatar gida, na jira safiya, domin ba na son duba abu mai muhimmanci da gajiya.

Komai ya dawo. Rahotannin rangadi na shekara goma sha ɗaya. Jerin sunayen malamai masu kwantiragi, gunduma gunduma. Wasiƙar da na rubuta a kan rufin ajin da iska ta yaye a Tebaram, da gyararta ta farko, da ta biyu, da ta uku. Har da takardar gayyatar wani taron da aka soke tun shekarar annoba. Babu waƙafi ɗaya da ya ɓace.

Dosiyen yaron ba ya nan.

Na duba inda yake zama. Na sa na'urar ta nemi duk abin da ke da sauti. Ta kawo mini taken ƙasa da darasin Faransanci na aji uku. Na shiga ma'ajiyar kamfanin ta intanet na bi ta reshe reshe, tun daga farko, sau biyu, da fensir a hannu ina yi wa kowane reshe alama a takarda. Na sake neman ranakun baya, tunda sun ce ana iya komawa ga ajiyar kowane mako. Makon jiya, babu. Watan jiya, babu. Bara, babu.

Hawa ta kawo fura ta ajiye, ta ce na'urar ta warke? Na ce ta tashi. Ban yi ƙarya ba.

Lahadi, 11 ga Mayu

Shagon Muktari a rufe. Ban yi komai ba yau.

Litinin, 12 ga Mayu

Muktari ya buɗe wani wuri a cikin manhajar da ban taɓa sanin yana nan ba. Sai an bi ƙofa huɗu kafin a kai gare shi. Littafin aikinta ne, inda take rubuta wa kanta abin da ta yi kowace Juma'a. Layin sama: an kammala lafiya. Layin ƙasa, da ƙananan baƙaƙe masu launin toka: an tsallake abu dubu ɗaya da ɗari biyu da goma sha huɗu. Makon da ya gabace shi, an tsallake ɗari takwas da wani abu. Haka har ƙasa, mako bayan mako, shekara biyu.

"Mushe, ko kun taɓa ɓoye dosiyen ga?"

Na tambaye shi me yake nufi da ɓoyewa.

"Akwai wani ɗan akwati da aka taɓawa, dosiye ya daina bayyana ga ido. Ita wagga manhaja ba ta ɗaukar abin da anka ɓoye. Cewa take na injin ne, ba na mutum ba. Kuma abin da ta daina gani, bayan kwana talatin sai ta share shi can wurinsu ma."

Na ce masa zan yi tunani. Ba tunani nake bukata ba, na tuna ranar sarai.

Taron daraktocin makarantu ne, shekara biyu da suka wuce. An haɗa ordinatar da majigi, kafin in buɗe jadawalin sai ga dosiyen a bango, da ɗan hotonsa a kai, yana sanye da farar rigar aiki. Wani darakta mai yawan ba'a ya ce, "A'a, Insufekta, ɗan fari aka tallatawa haka gaban jama'a?" Aka yi dariya, ba ta mugunta ba. Ni dai na ji kunnuwana suna zafi. Mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya yabonsa, ba ya nuna shi. Haka na taso, kuma mahaifina har ya rasu bai taɓa kiran nawa sunan ba. Da aka tashi na taɓa ɗan akwatin nan. Tun daga ranar, in zan zuba sabon saƙo sai in rubuta hanyar dosiyen da hannu, in fita, ya koma ɓoye. Har daɗin dabarar na ji.

Amma ina son a rubuta wannan ma: ta ga abin. Ta ƙirga shi. Kowace Juma'a ta san adadin abin da ta bari a ƙasa, ta rubuta shi a inda babu mai dubawa, sannan ta fito gabana da garkuwa koriya ta ce dukan bayananka. Da malamin aji ya kawo mini rajistar da ya cika haka, da a ranar zan nemi a dakatar da shi.

Talata, 13 ga Mayu

Na kai wa Muktari tsohon diskin. An sa a firijin mai ƙanƙara. Na tsaya a rana, da babbar riga, ina jiran mu'ujiza daga tsakanin ledojin lemu. Ƙas, ƙas. Bai ce mini komai game da bokanci ba, kuma na gode masa a raina.

Ya ce akwai mai buɗe diski a Yamai. Na ba direban motar safe ya kai wa ɗiyata Haula, wadda ke karatu a can.

Alhamis, 15 ga Mayu

Na rubuta wa kamfanin wasiƙa, shafi biyu, da Faransancin da ba zan ji kunyarsa a gaban kowa ba. Na jera ranaku, na kawo adadin da ke littafin aikinta, na yi tambaya ɗaya: da wane haƙƙi ake rubuta kalmar dukan a kan abin da aka san ba duka ba ne?

Amsa ta zo cikin daƙiƙa tara. Suna farin ciki da na tuntuɓe su. Gamsuwata ita ce burinsu.

Da yamma wata ta biyu ta zo, da sunan mutum a ƙasa, ko da yake ban yarda mutum ne ba. An nuna mini shafi na arba'in da ɗaya na sharuɗɗan da na amince da su, sakin layi na shida. Manhajar, in ji su, ta yi aiki yadda aka tsara ta. A ƙarshe an roƙe ni in zaɓi taurari, daga ɗaya zuwa biyar, in nuna yadda na ji daɗin hidimar.

Na wanke hannuna bayan na rufe. Ban san dalili ba, ji na yi kamar na taɓa wani abu a kwata.

Juma'a, 16 ga Mayu

Garkuwar ta fito yau da safe. Koriya shar.

Talata, 20 ga Mayu

Haula ta kira. Ƙanwar yaron ce, tana shekarar ƙarshe a jami'a. Ta kai diskin, an ce ta koma jibi. Na tambaye ta, a cikin magana, ko tana da saƙonsa na murya. Ta ce su rubutu suke yi wa juna, yawanci tsokana. Hotuna tana da su da yawa, murya babu, wayar da take da ƴan kaɗan an sace ta a watan Janairu.

"Baba, muryar Yaya Almustafa ce ta ɓace?"

Sunan daga bakinta ne, ba daga nawa ba.

Na ce ana kan bincike. Ta ce Inna ta sani? Na ce za ta sani idan akwai abin sani. Ta ce, "Baba, kullum haka kuke." Ban tambaye ta yaya nake ba.

Na kira kawunsa kuma. Wayar tana hannun matarsa, an cika ta da hotunan biki. Muktari ya ce abin da aka goge irin gogewar da na yi, aka kuma rubuta sabo a kai, ko maƙeran wayar ba su iya tono shi. Na yi aikin da kyau, ke nan.

Alhamis, 22 ga Mayu

Yamai: allurar diskin ta kankare faifan. Mutumin ya ce da an kashe ta a ƙarar farko, wataƙila. Sau bakwai na kunna ta a ofis ranar.

Asabar, 24 ga Mayu

Na gaya wa Hawa.

Tana zaune a inuwar bishiyar bedi tana tsinkar zogale. Na tsaya a gabanta na ce abin da na ce mata yana nan a ajiye, ba ya nan. Na shirya jawabin tun da safe, daki daki, har da yadda zan bayyana mata manhaja ba tare da na ambaci manhaja ba.

"Malam, zamna tukuna."

Na zauna a kan turmi. Na faɗi komai, har da taron daraktoci, har da ɗan akwatin. Hannunta bai daina tsinka ba.

"Ɓoye shi ka yi."

Na ce ɓoyewa na yi.

Na so ta yi faɗa, da ya fi mini sauƙi. Sai ta ce ita ma ai ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko a ɗakin asibiti da nas ta tambaye ta, Haula ce ta amsa. Sannan ta kakkaɓe zanenta ta ce:

"Yayan Haula in ya zo hutu ko tuwo ba ya ci cikin natsuwa. Wuni yakai yana magana cikin waya da masu bisashe, wanga raƙumi nai ba ya ci, wancan saniya tai ta ƙi tashi. Su waɗannan ba su goge komi."

Na ce mata ban san ko ɗaya daga cikinsu ba. Ta ce gobe Lahadi, kasuwar bisashe.

Lahadi, 25 ga Mayu

Na je. Kabu-kabu ya sauke ni a bakin kasuwa da hantsi. Raguna ko'ina saboda Sallah, motoci suna lodi, dillalai suna jan hannun riga. Shekara goma sha tara ina garin Tawa, kullum aike nake yi a sayo mini rago.

Wani dillali mai suna Hasan ya ɗauke ni mai saye, ya zagaya da ni layi uku yana buɗe mini bakin raguna. Na bar shi a haka. Duk inda na ga mutum da waya a hannu sai in shirya jimlar, sannan in wuce shi. Me zan ce? Ni wane ne, ina neman me, na wa?

Na duba haƙoran raguna goma sha huɗu na dawo gida. Abin kunya ne ga mutumin da ke tsayawa gaban malamai ɗari uku ya yi magana awa guda babu takarda.

Laraba, 28 ga Mayu

Manhajar ta aiko mini da albishir: an inganta ta, yanzu ta fi da sauri.

Lahadi, 1 ga Yuni

Na koma. Na nemi Hasan, kafin ya kama mini hannu na ce masa ba rago nake nema ba, ina neman wanda ya san likitan bisashen da ya rasu cikin azumi. Ya sake ni, ya dube ni tun daga hula har takalmi. Ya ce in biyo shi.

Can ƙarshen kasuwa, wajen raƙuma, akwai wata rumfar tabarma. Wani Buzu dogo, da rawani har hanci, yana dafa shayi. Bilal sunansa, daga arewa yake saukowa kowane mako biyu. Hasan ya yi masa magana ƙasa ƙasa.

"Likita Almustafa? Kai mi nene gare shi?"

Akwai mutum shida a rumfar. Na ce ɗana ne. Na fari.

Ya ajiye butar, ya kama hannuna da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba. Ya yi addu'a da Larabci, ya ƙara da harshensu na Tamashek, sauran suna amin. Aka matsa mini wuri a tabarma. Na bayyana abin da ya kawo ni a taƙaice. Ban ambaci manhaja ba, na ce wayata ta lalace.

Ya zaro waya daga wata jakar fata da ke rataye a wuyansa. Gilashinta ya tsage gida uku. Ba ya karatu, da hoto yake gane mutane. Ya murza da babban yatsa har ya kai ga farar rigar, ya taɓa.

"Bilal, rabin kwalba na ce, ba kwalba guda ba. Rabi da sahe, rabi bayan kwana ukku. In ka kashe raƙumar ga, ni da kai sai gaban alƙali." Sai dariya, doguwa, da kukan tumaki a bayanta.

Daƙiƙa ashirin da shida.

Na tambayi Bilal, domin in sami abin faɗa, me ya sa bai goge ba. Ya yi mamakin tambayar. Ya ce in ya goge, wa zai gaya masa yawan magani? Duk lokacin da zai ba raƙuma maganin tsutsa sai ya kunna ya ji. Makon jiya ma ya kunna. "Har yanzu shi ka gaya min," in ji shi.

Ya aika aka kira wasu. Wani Bafillace yana da uku, ɗaya a kan saniyar da mahaifa ta ƙi faɗo mata. Wani mai tumaki daga Bambeye yana da biyu, amma wayarsa ba caji, sai da aka kai ta rumfar mai caji muka jira. Ba su da intanet a wayoyin, sai aka riƙa haɗa tawa da tasu baki da baki, saƙo ya tsallako. Kowane ɗaya da ya shigo sai in kunna shi a wurin, daga farko zuwa ƙarshe, domin in tabbatar ya iso lafiya. Ba zan ƙara yarda da alamar da ke cewa an gama ba.

Goma sha ɗaya, daga waya huɗu. Na sha shayi kofi uku, ni da likita ya hana sukari.

Juma'a, 6 ga Yuni

Na cire manhajar kafin lokacin fitowar garkuwar. Ta tambaye ni sau uku ko na tabbata. Ta gargaɗe ni cewa bayanaina za su zauna babu kariya. Ta ba ni jerin dalilai shida in zaɓi wanda ya sa zan rabu da ita. Nawa ba ya ciki.

Saƙonnin suna wayata, suna ordinatar, suna ɗan katin ajiya a aljihun Hawa, kuma na tura wa Haula, wadda ta iso jiya. Da hannu na kwafe kowanne.

Asabar, 7 ga Yuni, Babbar Sallah

Bayan an sauko idi, an yanka, an kafa naman a jikin itace, na kira su falo. Na ce wa Hawa gaisuwar sallar bara ba ta cikin abin da na samo, kuma ba za a same ta ba. Abin da ke nan maganar raƙuma ne da shanu. Ta ce in kunna.

Na kunna na Bilal. Haula ta rufe baki da gyale. Hawa ta ɗan karkata kai wajen wayar, yadda take yi in ana karanta mata wasiƙa.

"Sake."

Na sake. Ta ce in sake. A na uku, da aka zo wurin alƙali, har ta yi murmushi kafin dariyarsa ta fara.

"Ashe haka yaka dariya in ba mu wurin."

Na yi ƙoƙarin tuna abin da ke cikin dosiyen da ya ɓace, tunda ni kaɗai na taɓa jin sa. Ina kwana, Baba. Na iso lafiya. An biya mu albashi. A gaida Inna. Murya a ƙasa, kalmomi a tsare, kamar mai karanta rahoto a gaban insufekta. Shekara goma na saƙonni. Ban tuna dariya ko ɗaya a ciki ba.

Wannan bai wanke manhajar ba. Abin da ta yi ƙazanta ne, kuma ƙazanta zai zauna.

Mun saurari sauran goman. A ɗaya yana ƙoƙarin Tamashek, ana gyara masa, yana cewa harshensa ne ya yi kauri da tuwo. Na fita na duba wutar gashi, ko da yake akwai masu dubawa.

Lahadi, 15 ga Yuni

Kasuwa ba cika, Sallah ta kwashe raguna. Bilal ya sauko. Tun wancan zuwan nasa ya ce akwai wani tsoho daga wajen Tebaram da yake da saƙo biyu, don haka na je, domin aikin ya cika.

Sai da kabu-kabu ya sauke ni na lura na bar wayata a gida, a kan tebur. Minti goma ne komawa.

Tsohon ya zo. Ya ba da labarin ranar da yaron ya kwana biyu a rugarsu saboda wata raƙuma mai naƙuda, ya ƙi karɓar ɗan akuyar da aka ba shi, ya ce mahaifinsa ba ya son a karɓi abin hannun mutane. Bilal ya ce ƙarya ne, tsoron ɗaukar akuya a babur ya yi. Suka yi ta gardama. Na tambaye su wasu abubuwa, ba da yawa ba. Na tashi bayan azahar.

Ban koma ɗaukar wayar ba. Tsohon ya ce zai sake zuwa wata Lahadi, bai san wacce ba. Na ce ba komai, ina zuwa.